Keken Yaya Idi Yana Ƙarƙashin Bene

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki bik da takarda. Tun da na dawo daga Kano, duk wanda ya biyo ta rumfar ɗinkina a kasuwar Dakoro sai ya tsaya ya ce, "Haruna, yaya ka baro mai jiki?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi." Haka muka taso muka ji ana cewa, ko mutum yana gargarar mutuwa. Har wurin limamin unguwarmu na je na tambaya ko ƙarya nake yi. Ya ce fata ne, ba ƙarya ba. Na yi godiya na taso, hankalina bai kwanta ba. In na rubuta, ina tsoron na tona asirin gidanmu. In na yi shiru, ina tsoron abin da ya fi haka. Karatuna bai wuce aji shida ba, wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa.

Ga wanda bai san mu ba: Idi wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin bisashe. Ni shan inna ya shanye mini ƙafar hagu tun ina rarrafe, da sanda nake tafiya. Yaya Idi ne ya riƙa goya ni zuwa lakwal, wato makaranta, cikin rairayi, har na gama. Bara wani bijimi ya matse shi da jikin mota ana lodi, ƙashin bayansa ya karye. Daga gidan likita na Maraɗi sai mijin ɗiyarsa Hadiza, Alhaji Sabi'u, wani ɗan kasuwa Bakano, ya ɗauke shi zuwa Kano inda manyan likitoci suke. Suka ce daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai ƙara motsi ba. Matarsa ta rasu da daɗewa, ɗansa namiji yana Aljeriya ba a jin ɗuriyarsa. Sai ya zauna can gidan Hadiza. Da farko yakan amsa salula, daga baya sai Hadiza ce ke amsawa, ta ce yana barci.

Dillalan kasuwa ne suka haɗa hannu, Mamman mai walda ya ƙera keke mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Ya sa masa tayoyin moto, wato babur, masu faɗi don kada ya nutse cikin rairayi. Suka ce ni zan kai. Suka ce, "Ka ce mishi ya hau ya zagaya birni, in ya gaji ya taho gida, tabarmarshi na nan." Na ƙulla cuku da ganyen shayi a buhu. Kwana uku kafin tafiya ban ci abincin kirki ba, ina ta tunanin igiya za ta tsinke keken ya faɗo kan mutane.

Daga Dakoro zuwa Maraɗi an ɗaure shi saman mota tare da raguna. Duk inda muka faɗa rami sai in leƙa ta taga, har direba ya ce, "Malam tela, in ka ƙara leƙawa kai zan ɗaure sama in sauko da keken." A Maraɗi muka sake mota. A iyaka, bayan Ɗan Isa, wani ɗan duwan, wato kwastan, ya zagaya keken yana kallo, ya ce, "Wanga moto ce ko amalanke?" Sai ya dubi ƙafata ya ce, "Naka ne?"

Na ce a'a, na wana ne.

Nan take fasinjoji suka yi caa a kaina. Wata Hajiya mai fataucin atamfa da ke kusa da ni ta dafe kai. "Bawan Allah, ga ƙafarka shaida, ka ce naka ne mu wuce mana! Yanzu ya zama haja, sai an yi bincike."

Na ce, "Hajiya, ba nawa ba ne."

Aka sauke keken, aka kai ni gaban babbansu, na ba da labari tun daga bijimin. Ya saurara, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya sallame mu. Amma kafin a sake ɗaurewa rana ta karkata, kuma daga nan har Katsina ba wanda ya yi mini magana sai Hajiya, ita ma da buhun atamfarta take yi: "Wasu gaskiyarsu ta fi ƙarfin mota." Hanyar Jibiya kuwa kowa ya san yadda take, mota ta yi tsit, sai tasbihi. A tashar Katsina na kwana, a barandar masallaci, igiyar keken ɗaure a hannuna.

Kano na isa da hantsi. Ban taɓa ganin mutane haka ba, kamar ranar kasuwarmu aka ninka aka zuba a kowane titi, kuma ba mai ce wa wani ina kwana. Masu adaidaita sahu suka ƙi ɗaukar keken. Wani mai tura kura ya ce zai ɗauki buhuna ya nuna mini hanya, ni in hau keken in biyo shi. Ban taɓa hawa ba, na hau. A gida gefen hanya rairayi ne, in ka faɗi ka kakkaɓe ka tashi. A can gefen hanya kwata ce a buɗe, baƙa wuluk, inda babu kwata kuma an kasa kaya. Dole na shiga tsakiyar motoci suna danna mini oda. Inda muka tsaya a cunkoso, gilashin wata mota ya sauka, hannu ya fito ya jefa mini kuɗi a cinya. Ni da ban taɓa miƙa hannu ba tun da aka haife ni, da keken ɗinki na aurar da ɗiyana. Na ce, "Alhaji! Ba bara nike ba!" Gilashi ya rufe, mota ta wuce. Mai kura ya yi ta dariya, ya ce, "Baba, ka shigo Kano da ƙafar dama." Na rasa yadda zan yi da kuɗin, sai na ba wani makaho a gaba, da niyyar ladan na mai motar ne. Har yau ban sani ba ko na yi daidai.

Gidan Alhaji Sabi'u bene ne. Ƙasa shaguna, sama iyali. Ƙofar ƙarfe ce a kulle ko da rana, sai ka kira ta salula a sauko a buɗe. Da Hadiza ta buɗe ta gan ni bisa keken sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta dubi keken, ta dubi bayanta, ta sa gefen mayafi a ido. Sannan na ga matakalar. Siririya ce, a miƙe, da kwana a tsakiya. Tayoyin da Mamman ya faɗaɗa don rairayi ko bakin matakalar ba su shiga ba. Mu a Dakoro ba wanda ya tuna ya tambaya ko sama yake ko ƙasa. Wa ke ajiye marar lafiya a sama? Muka tura keken ƙarƙashin matakala. Ni kuma na zauna, na riƙa hawa da baya, ina jan ƙafata da hannu.

Ina so a fahimta, Alhaji Sabi'u mutumin kirki ne. Ɗakinsa na kansa ya bar wa surukinsa, mafi kyau a gidan, da fanka da talabijin da katifa mai tsada. Girmamawa ce. Ya kuma ɗauki wani dattijo mai zuwa kowace safiya ya yi masa wanka, ya wanke gyambon da kwanciya ta yi masa a baya, ya wuce wani aikin.

Na shiga na yi sallama. Da ban san ɗakin ba ne da na ce wani aka kwantar. Mutumin da ke kama ƙahon bijimi ya durƙusar da shi, yanzu damtsensa bai fi sandata ba. Fuskarsa na bango. Tagar tana can sama, ba abin da ake gani sai tankin ruwan maƙwabta.

Ya juyo a hankali. "Haruna. Kai ma sun hawo da kai?"

"Ni na hawo da kaina, Yaya. Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Kusa da shi ga kwano a rufe, ga kofin ruwa cike. Da na fito Hadiza ta tare ni a bakin matakala, murya ƙasa-ƙasa. "Baba Ƙarami, ba ya ci. Ruwa ma sai ya jiƙa leɓe. In na shiga sai ya rufe ido. Alhaji in ya shiga gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, Baba ya ce lahiya, shi ke nan. Alhaji ya ce zai goya shi ya sauko da shi Juma'a, Baba ya kwana biyu bai yi magana ba. Mi muka yi mishi?"

Ba abin da suka yi masa. Da yamma, da muka rage mu biyu, na tambayi Yaya Idi abin da ya hana shi ci.

"In na ci, sai ya hita. In na sha, sai ya hita. Tsohon nan da safe kaɗai yake zuwa. Wa zan kira, Haruna? Ɗiyar fari, wadda ko sunanta ban taɓa kamawa ba? Ko mijinta? In hau bayan surukina kamar jinjiri?"

Mu haka muke, suruki ko hanya kuka haɗu sai ɗaya ya ratse. Ba ka cin abinci gabansa, balle ya ga tsiraicinka. Wannan kunyar ita ce mutuncinmu, kuma ita ce ta kulle Yaya Idi a ɗakin nan fiye da matakala. Da a gida ne, a zaure za a shimfiɗa masa, ƙofa buɗe. Mutanen Korahane da na Birnin Lalle in sun shigo kasuwa su biyo, a dafa shayi, a yi gardamar bisashe, sa'o'insa su juya shi suna yi masa tsiya. A Kano maƙwabtan da ke bango ɗaya da shi ba su san akwai mutum kwance ba. Dubiya ma sai an kira an ce ana zuwa.

Kwanakin da na yi, ni na riƙa kula da shi gwargwadon ƙarfina. Juya shi ne ba na iyawa sai da dabara. Da ya ga akwai wanda zai kira, ya fara cin tuwo kaɗan. Abincinsu shinkafa ce da mai, da gurasa, shayinsu kuma ruwan madara ne a ƙaton kofi. Na roƙi gawayi na dafa masa namu mai ɗaci a ƙaramin finjali, na gutsura masa cuku. Ya kurɓa ya ce, "Agali ya fi ka iyawa."

Agali wani Buzu ne na wajen Korahane, sa'ansa, tare suka yi kiwo suna yara, tare suke wanka a bakin rijiya. Duk kasuwa sai sun zagi juna. Agali ya ce masa bawan gero, shi ya ce wa Agali ɓarawon raƙuma. Shekarar da fari ya cinye wa Agali bisashe sai ya tafi Kano gadi, shekaru ke nan.

Na ce, "Da yana nan da ya ce bijimi ya rama wa 'yan uwanshi."

Yaya Idi ya yi dariya. Gajeriya ce, amma har Hadiza ta ji daga madafa, ta saki ludayi.

Wannan dariyar ce ta ba ni ƙarfin hali. Na yi ta ba shi labarin keken, da waɗanda suka haɗa hannu, da yadda Mamman ya yi masa fenti kore. Na ce ko sau ɗaya ya sauka ya ga rana, ya yi Juma'a cikin mutane. Ya ce ba surukinsa ba. Na ce ba shi ba, baƙi zan samo waɗanda ba su san shi ba, kuma sai Alhaji ya fita kasuwa. Daga ƙarshe ya ce to.

Ranar Juma'a na sauka na samo 'yan dako biyu, majiya ƙarfi. Muka sa masa babbar rigarsa, a ƙasa kuwa zane muka ɗaura masa, saboda gyambon ba ya son wando. Suka shimfiɗa bargo suka ɗora shi. Ɗaya ya ce, "Kai, Baba, ai ko buhun dusa ya fi ka nauyi." Wasa yake yi, ba da mugunta ba. Na ga Yaya Idi ya runtse ido. Shi ne fa mai tsayawa yana ba masu lodi umarni.

Suka fara sauka, ni ina bin su a zaune. Da suka kai kwanar, bargon ya ƙi juyawa. Na gaba ya ce a ɗaga, na baya ya ce a karkata. Suka karkata. Rigar ta tattare zuwa ƙirji, zanen ya kwance ya zame. A daidai nan ƙofar ƙarfe ta buɗe. Alhaji Sabi'u ne ya dawo da wuri don ya yi wankan Juma'a. Ya ɗaga kai.

Ya juya da sauri har hularsa ta faɗi, ya fita, ya bar ta nan. Ni na miƙa hannu in ja zanen, hannuna bai kai ba. Matakala uku ce tsakaninmu, kuma ba ni da ƙafar da zan tsallake su.

Yaya Idi ya ce, "Ku maida ni."

Ɗan dakon ya ce, "Baba, saura kaɗan fa, ga keken can ina gani."

"Ku maida ni."

Suka mayar da shi. Daga wannan rana ya koma bango. Tuwon da ya fara ci ya daina. Alhaji Sabi'u ya daina kwana a gidan, yana kwana a shago don kada su haɗa ido. Ya tare ni a waje yana hawaye, ya ce, "Baffa, wallahi ban ga komai ba. Ka faɗa masa ban ga komai ba. Ina neman gida na ƙasa, in na samu mu tashi." Na faɗa wa Yaya Idi. Bai juyo ba. Na ce to mu tafi gida Dakoro. Likita ya riga ya ce gyambon ba zai ɗauki doguwar hanya ba, amma na faɗa. Sai ya yi magana, fuskarsa na bango: "Tsaye suka san ni. Ka bar su haka nan."

Na ga ba ni da sauran dabara sai Agali. Mutum ɗaya ne a duniya da ba kunya tsakaninsu, wanda zai iya shiga ya yaye bargon ya ce tashi ka ci, bawan gero, ya ɗura masa fura yana zaginsa. Na ɗauki sandata na shiga gari. Duk ƙofar da na ga mai rawani da butar shayi sai in tsaya. Kanawa kuwa in na ce ina neman wani Buzu mai gadi sai su yi dariya: "Kai ma ai Buzu ne," don su duk mutumin Nijar Buzu ne. Wani ya ce ya san wani Agali a tsallaken babban titi. Titin an raba shi da shingen ƙarfe, ba a ƙetarewa sai ta gadar sama. Na hau ta a zaune, da baya, mutane na tsallake ni, wata mata ta ajiye mini sadaka a kan matakala. Wannan karon ban ce komai ba. Da na sauka na tarar da Agalin saurayi ne daga Agadas. Ya ba ni shayi, ya ce akwai wani dattijo na wajen Dakoro da ya taɓa gadi a wata unguwa, amma ya ji an ce ya tashi, ko Zariya ko Legas. A kan gadar nan, ina dawowa, na zauna a tsakiya ina kallon motoci na wucewa ta ƙarƙashina, na ji wani tunani ya zo mini wanda ba zan rubuta ba. Na yi a'uziyya na sauka. Sai na ce, ni da na yi 'yan kwanaki ke nan. Shi fa, da ke kallon bango tun bara?

Ruwa ya sauka a gida, iyali suka yi ta kira a kan shuka, dole na taho. Da na shiga sallama na ce, "Yaya, mi zan ce ma mutane?"

"Ka ce da sauƙi."

Na kama hannunsa. Ya bar mini shi, bai riƙe nawa ba. Na sauko a zaune. Keken na nan inda muka tura shi, masu shago sun fara jingina kwalaye a kansa.

Mamman mai walda ya tambaye ni ko tayoyin sun yi. Na ce sun yi kyau. Wannan ma ban sani ba ko fata ne ko ƙarya.

Jiya Hadiza ta kira. Ta ce yanzu ko tsohon mai wanka ba ya amsa wa magana, kuma kofin ruwan yadda ta ajiye da safe haka take ɗauke shi. Gidan ƙasa bai samu ba tukuna. Ko ya samu, ban san wanda zai sauko da shi ba.

Don haka na rubuta, Yaya Idi ya yafe mini. Ina roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, musamman mutanen Korahane da masu zuwa Kano da bisashe: wa ya san inda Agali yake? Dogo ne, baƙi, haƙorinsa na gaba ɗaya ya karye, raƙumi ne ya harbe shi. Zai kai shekara sittin yanzu. In ya rasu ma a faɗa mini, in daina sa rai. In kuma akwai wani sa'an Yaya Idi da ke zaune Kano, wanda suka yi wasa tare kuma ba surukuta tsakaninsu, ko wanda ya taɓa ganin mutum ya juya wa bango fuska haka kuma aka samu abin da ya juyo da shi, don Allah ya biyo ta rumfata, layin teloli, ya tambayi Haruna mai sanda. Wanda ya ga Agali kuwa kada ya ce masa da sauƙi. Ya ce masa bawan gero ya daina cin abinci.